Tsinke Uku

Shekara biyu muna aiki tare ban taɓa ganin ƙafarsa ba. Daga kafaɗa zuwa kai kawai na san shi, a cikin wani ɗan akwati a kusurwar allon kwamfuta, da tabarau, da farin bango a bayansa. Shi yana Hong Kong, ni ina Kaduna, awa bakwai ce tsakanin agogonmu. Lokacin da nake zama bakin aiki da hantsi, shi la'asar ta yi masa. Manhaja ɗaya muke ginawa, shi ke duba abin da na rubuta kafin a saka shi cikin aiki, ni ma in duba nasa. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san babu inda halin mutum ke fitowa kamar wurin gyara wa ɗan'uwansa kuskure. Shi bai taɓa ce min na yi shirme ba. Sai dai ya rubuto, "Me zai faru idan intanet ta yanke a daidai nan?" Ni da kaina zan gano ɓarnar da na tafka.

A Babbar Sallar da ta wuce, makon zaman ko-ta-kwana ya faɗo a kaina, wato ni za a tasa ko da tsakar dare ne idan manhaja ta tsaya. Ban roƙe shi ba. Na buɗe jadawali kawai na ga ya cire sunana ya sa nasa, ya bar min layi ɗaya: je ka ci naman ragonka.

Da kamfani ya tara mu a Hong Kong na mako guda a watan Maris, abin da ya fara ba ni mamaki tsawonsa ne. Ashe dogo ne, sai na ɗaga kai nake kallon fuskarsa. Ranar Juma'a, bayan na dawo daga masallacin Kowloon da ke kan titin Nathan, ya same ni ya ce, "Gobe kada ka shirya komai. Zan kai ka garin babana, ƙauyen masunta ne a tsibirin Lantau. Amma za mu fara biyawa ta kan dutse, akwai inda nake son tsayawa."

Na san abin da ke kan dutsen nan. Tun daga filin jirgi hotonsa ke bin mutum: ƙaton mutum-mutumin Buddha a zaune, hannu ɗaya a ɗage. Na ce masa to, amma a daren na daɗe ina juyi. Na san malamai sun yi saɓani a kan shiga wuraren bautar wasu addinai, na kuma san abin da Inna za ta ce idan ta ji ɗanta ya haye dutse ya je gidan gunki. A ƙarshe na gindaya wa kaina sharuɗɗa: kallo zan yi, ba zan shiga ɗakin bauta ba, ba zan sunkuyar da kai ba, ba zan taɓa komai nasu na ibada ba. Na tsara su tsaf a raina na yi barci. Abin da bai zo min ba shi ne in faɗa wa mai gayyatar.

Da safe muka hau jirgin ƙasa daga Tsim Sha Tsui, muka canza a Lai King, muka sauka a Tung Chung. Daga nan ne ake shiga motar igiya, wani akwatin gilashi da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe. A 2006 aka buɗe ta, tsawon hanyarta kilomita 5.7, tafiyar kamar minti 25. Da farko ta bi da mu ta saman ruwa, filin jirgin Chek Lap Kok a shimfiɗe a gefe, jirage na tashi ɗaya bayan ɗaya kamar an saki tantabaru. Sai ta karya kwana ta fara hawa. Ƙarƙashinmu daji ne kore shar, da wata siririyar hanyar katako da masu ƙarfin hali ke bi da ƙafa. Ni da nake tunanin Hong Kong dogayen benaye ce kawai da mutane a cunkushe, sai ga ni a kan tsibirin da ya fi kowanne girma a yankin, kuma yawancinsa dutse ne da itatuwa.

Can sama muka kutsa cikin gajimare. Ba irin hazonmu na hunturu ba ne mai busar da leɓe, wannan jiƙa mutum yake yi. Komai ya ɓace, daga igiya sai ƙugin iska. Na riƙe ƙarfen kujera ina karanta abin da ya sawwaƙa. Abokina bai yi min dariya ba, ko kallona ma bai yi ba. Tun a jirgi na lura ba ya magana sosai, na ɗauka gajiyar mako ce.

Inda ake sauka sunansa Ngong Ping. Abin da ke fara tarar mutum wani titi ne da aka gina domin baƙi, shagunan kofi da na tsaraba hagu da dama, an yi musu rufi irin na da don su yi kama da tsohon gari. Bai burge ni ba. Abin da ya tsayar da ni shanu ne. Jajayen shanu marasa tozo, suna yawonsu a tsakiyar mutane, wata ta kwanta a bakin hanya tana tuƙa, wata ta zura baki cikin ledar wata Baturiya. Na waiga ina neman makiyayi.

"Na waye?" na tambaye shi.

"Ba na kowa ba ne."

Ya ce jikokin shanun noma ne. Da manoman tsibirin suka bar gonaki suka koma birni neman aiki, sai suka sake su, suka ci gaba da hayayyafa a daji. Ba mai yanka, ba mai tatsa, akwai ma alluna da ke hana ba su abinci. Na ɗauki hotonsu na tura wa Inna da saƙon murya. A lokacin ƙarfe huɗun dare ne a gida, na san sai ta idar da asuba za ta gani. Ban gaya mata abin da ke bayan shanun ba.

Matakala 268 ake hawa kafin a kai gindin mutum-mutumin. Daga ƙasa ba mu ga komai ba sai matakalar ta miƙe ta shige cikin farin gajimare. Wajen ta ɗari numfashina ya fara gaya min gaskiya game da zaman kujera. A gabana akwai wata tsohuwa da ba za ta gaza shekara saba'in ba, tana hawa 'yan matakala kaɗan sai ta tsaya, ta haɗa tafin hannu, ta durƙusa ta kai goshi ƙasa, ta miƙe ta ci gaba. Gwiwar wandonta ta jiƙe sharkaf. Na zaro waya na ɗauke ta hoto ta baya, ba tare da na tambayi kowa ba.

Muna dab da kaiwa iska ta yaye gajimaren, sai ga fuska. Zan faɗi gaskiya, gabana ya faɗi. Ba tsoro ba ne irin na ibada, girman abin ne kawai, ka ɗaga kai ka ga ido a lumshe ya fi ƙofar ɗaki faɗi yana saman kanka. Tsayinsa mita 34, da tagulla aka yi shi, guntu 202 aka ƙera daban-daban aka haɗa, aka kammala a ƙarshen 1993. Yana zaune a kan furen bado, yana fuskantar arewa, hannun dama a ɗage, na hagu a buɗe a kan cinya. A ƙirjinsa akwai alamar nan mai lanƙwasassun hannuwa huɗu da yawancinmu muka sani a tutar Hitila, alhali a Asiya ta girmi Hitila da dubban shekaru, kuma alamar alheri ce a wurinsu. Kewaye da shi wasu ƙananan mutum-mutumi shida ne a durƙushe, suna miƙa masa fure da turare da fitila da man shafawa da 'ya'yan itace da kayan kiɗa. Kafin in gama kallo gajimaren ya sake rufewa.

Abokina ya ɗan yi min bayani muna saukowa. Mutumin da ake kira Buddha ɗan sarki ne, Siddhartha Gautama, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Ya bar fada yana ɗan shekara 29 don neman sanin dalilin wahalar ɗan Adam da maganinta. Ya ce da yawa daga mabiyansa ba sa ɗaukarsa mahalicci, malami suke ɗaukarsa. Na ji, na kuma yarda haka suke faɗa. Amma idona ya ga goshi a ƙasa a gaban abin da hannu ya ƙera, kuma a tarbiyyar da na tashi a ciki wannan suna ɗaya gare shi. Na yi shiru, sai dai na ji jikina ya ɗaure, kamar mai tsammanin a kawo masa hari.

A haka muka isa gidan ibadar Po Lin, wanda ke fuskantar matakalar. Wasu sufaye uku da suka zo daga lardin Jiangsu ne suka kafa shi a 1906. A lokacin bukka ce kawai, Babbar Bukka ma ake ce mata, sai a 1924 aka ba shi sunan da yake da shi yanzu, ma'anarsa bado mai daraja. Yau gine-gine ne ja da ruwan zinare, ginshiƙan dutse an sassaƙa musu macizan almara, sufaye masu askakken kai suna giftawa ba sa kallon kowa. A filin gaba akwai manyan kaskon turare, wasu tsinkayen kaurinsu ya kai na taɓarya, hayaƙi ya cakuɗe da gajimare har ba ka bambance su.

Ya je wani ɗan shago ya sayo ƙunshin turaren tsinke. Ya tsaya a gaban kaskon ya warware takardar, ya zari uku ya riƙe, ya sake zarar uku ya miƙo min, idonsa na kan wutar.

Na ja da baya kamar an miƙo min garwashi. Na mai da hannuwana bayana na ce, "Ni ba na bautar gunki."

Da ƙarfi na faɗa. Na san da ƙarfi ne domin wata mata da ke gefenmu ta waigo, ɗanta ma ya waigo. Ya kalli hannunsa da ke miƙe, ya kalle ni. Ya ce, "Na sani." Ya buɗe jakarsa ya saka tsinkayen uku a ciki, ya ja zif. Sannan ya kunna nasa, ya ɗaga su daidai goshi da hannu biyu, ya sunkuya sau uku, ya soke su a toka. Ya daɗe a tsaye. Ni kuwa ina gefe, na cika sharuɗɗana duka, ban karya ko ɗaya ba, amma na rasa inda zan sa idona.

Magana zarar bunu ce. Ina tsaye ina ta juya kalmar a raina. Ban ce addinina ya hana ba, ban ce ka yi haƙuri ba. Na ɗauki abin da mutumin nan ya hawo dutse dominsa na kira shi da sunan da ya fi muni a bakina, a gaban mutanensa, a garinsu.

Ya riga ya saya mana tikitin abinci, don haka muka shiga ɗakin cin abincin gidan. Ba a dafa nama a nan, ko kifi. Sufayen Buddha na ƙasar Sin ko albasa da tafarnuwa ba sa so a girkinsu. Aka kawo shinkafa da romon ganye da naman kaza da awara kala-kala, wata soyayya, wata an naɗe ta kamar tabarma, wata mai laushi kamar kindirmo. Kwana biyar ina garin nan ina bin 'yan shagunan Indiyawa da 'yan Pakistan na cikin Chungking Mansions saboda gudun alade, ko miya aka ajiye min sai na yi tambaya uku. Abin dariya, wuri na farko da na ci na ƙoshi ba tare da na tambayi komai ba shi ne gidan da na gama zagi. Daga baya na fahimci da gangan ya zaɓi mu ci a nan.

Muna ci shiru, sai ƙarar tsinken cin abincinsa da cokalina, wayata ta yi ƙara. Inna ce. Na kunna saƙon a hankali: "Babana, shanun nan ka ce ba su da mai su? Kai dai ka sake tambaya da kyau, wataƙila ba ka ji yarensu ba ne. Ina aka taɓa yin saniya ba mai ita?" Ya tambaye ni me ta ce, na fassara masa. Ya yi ɗan murmushi, na farko tun safe, ya ci gaba da cin abincinsa.

Bas mai lamba 21 ce ke sauka daga Ngong Ping zuwa Tai O, kuma ba ta zuwa a kai a kai. Muka jira, muka hau, ta yi ta murɗawa da mu a gangaren dutse har muka fito daga cikin gajimare. Kafin in ga ƙauyen hancina ya gan shi. Warin kifi busasshe da gishiri da laka, da wani wari mai nauyi a ƙarƙashinsu da na rantse na san shi.

Tai O na can ƙuryar yammacin Lantau, inda wani rafi ya raba gari biyu kafin ya faɗa teku. A bakin rafin nan gidaje ne a kan dirkoki, ɗaruruwa, jikinsu kwano, sun jingina da juna kamar tsofaffi a layin asibiti, siraran gadojin katako sun haɗa wannan da wancan. Ruwa ya janye a lokacin da muka isa, ƙananan jirage sun kwanta a laka, ƙaguwa na ta kai-kawo a tsakanin dirkokin. Masu gidajen zuriyar mutanen da suka rayu a cikin jirage ne, a ciki ake haihuwarsu, a ciki suke mutuwa. Mutanen tudu sun daɗe suna raina su, ba a aurensu, a da can ko zama a tudu ba a barin su yi, sai a 1729 wani sarkin Sin ya ba da izini. Sunan da littattafan yawon buɗe ido ke kiransu da shi, Tanka, abokina ya ce kada in furta shi a nan, sunan raini ne. Su mutanen kan ruwa suke kiran kansu. Da suka tashi barin jirage ma ba su yarda sun hau tudu gaba ɗaya ba, sai suka kafa gida a inda ruwa zai riƙa wucewa ta ƙarƙashin gado.

Muka ratsa kasuwa. Kifi a rataye an naɗe kansa da takarda, gwaiduwar ƙwai a jere a faifai tana shan rana, jakar iskar cikin kifi busasshiya da ake sayarwa da tsadar da ta sa na sake duba farashin. Muka haye gadar da ta haɗa ɓangarorin biyu. Kafin a gina ta a 1996, wani faffaɗan kwale-kwale ne ke fito da mutane, mata ke jansa da igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan. A bayan gari na ga tushen warin nan: manyan robobi shuɗɗa da faya-fayen gora, an shafe su da wani abu mai launin hanta. Ƙananan jatan lande ne ake niƙawa da gishiri, a bar su su ruɓa, a shanya. Daddawa ce, ba wani abu ba, daddawar teku. Tun da gwamnati ta hana jan taru a ƙasan ruwan Hong Kong a ƙarshen 2012, masu yin ta da yawa daga babban yankin Sin suke sayo jatan landen. Gonakin gishirin da garin ya yi suna da su an daina su tuni. Matasa sun tafi birni. Waɗanda suka rage yawanci tsofaffi ne, sai mu baƙi da ke cika titi ranar Asabar muna leƙa musu tagogi.

Gidan goggonsa na can ciki, inda baƙi ba sa kaiwa. Yayar babansa ce, Gu Ma yake ce mata. 'Yar ƙaramar tsohuwa, bayanta ya ranƙwafa, muryarta kuwa ta isa ta tsallaka rafi. Ta kama hannunsa tana faɗa, da alama cewa take ya rame. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tura min kujerar roba. Ɗakin a tsaftace yake ƙal. An ɗora firji a kan bulo, a jikin bango kuma akwai wani layi da ya kai min ƙugu, ya ce nan ruwa ya tsaya lokacin guguwar Mangkhut a 2018. Gidan da aka haifi babansa ba wannan ba ne, wancan ya tafi a gobarar watan Yulin 2000 da ta cinye gidaje kusan ɗari.

A kusurwa akwai wata 'yar kanta mai jar fitila, da lemo uku a faranti, da kwanon toka, da hoton wani dattijo. Ba sai an gaya min ba, fuskar abokina ce aka ƙara mata shekara talatin. Ya ajiye jakarsa, ya ja zif, ya fito da tsinkayen nan uku. Ya kunna su ya soke a tokar. Tsohuwar ta yi wata magana a hankali, ta share ido da bayan hannu.

"Yau shekara ɗaya," ya ce da ni, bai juyo ba.

Na lissafa a raina. Maris ɗin bara ya ɗauki hutun mako biyu, ya ce harkar gida ce. Na tuna har na ji haushi a lokacin, domin aikinsa a kaina ya dawo. Ban tambaye shi ba da ya dawo.

A gida na san abin da ake faɗa, baki ma da kansa yake faɗa. A nan sai na tsaya ina laluben wadda ta halatta a gare ni, wadda kuma ba za ta zama wani sabon rauni ba. Na ce da Hausa, "Allah ya ba ku haƙuri." Sannan na fassara masa, shi kuma ya fassara wa goggonsa. Ta gyaɗa kai, ta tafi ta kawo shayi.

Muna shan shayin na ce ya gaya mata ni ma jikan masunci ne. Kakana Basarke ne, a kogin Kwara ya yi rayuwarsa ta wajen Yawuri, ƙauyensu na cikin waɗanda ruwa ya shanye da aka datse Kainji a 1968. Babana makaranta ya yi, ni kuwa ko iyo ban iya ba. Ta saurara har ya gama, sai ta kamo hannuna ta juya tafin, ta latsa shi da babban yatsanta mai kaushi kamar bayan kada. Ta kamo nasa ta haɗa da nawa. Ta faɗi wani abu ta ƙyalƙyale da dariya har da tari.

"Ta ce hannun jarirai," in ji shi. "Wai da mu biyu aka bar wa jirgi da yunwa ta kashe gari."

Ƙarfe huɗu ta wuce, ban yi azahar ba, na yi niyyar haɗa ta da la'asar tunda matafiyi ne ni. Na yi ta jan lokaci, domin da wane baki zan nemi wurin salla a gidan mutumin da na yi wa abin da na yi da safe? Shi ne ya dubi agogo ya ce, "Lokacinka bai yi ba?" Shekara biyu yana ganin ina ɓacewa daga taro na minti goma, ya haddace.

Ban so in yi a ɗakin ba saboda kantar nan, kuma bai sa ni na yi bayani ba. Ya fita da ni barandar baya, wadda ke kan ruwa. Gu Ma ta kawo ruwa a roba, ta tsaya tana kallon alwalata da idon mai duba ko an wanke kifi da kyau. Ta janye faifan gwaiduwarta gefe, ta shimfiɗa min sabon tawul. Na buɗe manhajar alƙibla, kibiya ta juya ta nuna yamma, da ɗan karkata zuwa arewa. Duk kwanakin nan a ɗakin otal nake bin kibiyar ba tare da na ji komai ba, bango bango ne. A nan kuwa rana ce a gabana tana gangarowa. Mu da a harshenmu kallon gabas shi ne salla, har mukan ce wane ba ya kallon gabas, ga ni na ba gabas baya zan kabbara. Can nesa a cikin teku ana hango doguwar gadar da ta tafi Zhuhai da Macau, mai kilomita 55, wadda aka buɗe a 2018.

Ruwa ya fara dawowa, ina jin sa yana bugun dirkoki a ƙarƙashin goshina. Ina raka'a ta biyu ta la'asar na ji ƙugin inji. Ɗaya daga cikin jiragen da ke zagayawa da baƙi ne, masu kai su bakin teku neman dolfin ɗin nan masu launin hoda. Injin ya rage gudu daidai barandar. Ban ɗaga ido ba, amma na ji surutu ya ɗauke, na kuma ji ƙarar wayoyi ƙyas, ƙyas. Baƙin mutum dogo da hula yana sujada a barandar masunta, ai dole. Sai muryar Gu Ma ta tashi. Ban san me ta ce musu ba, na dai ji mai jirgin ya taka wuta. Da na sallame na tarar abokina ya matso ya tsaya a bakin barandar, ya ba ruwa baya, ya tare ni da tsawonsa.

Da za mu tafi ta cusa min kwalbar daddawar nan a jaka, an naɗe ta da leda uku. Na ce a gaya mata na gode, Allah ya saka da alheri. Ta ce in dawo lokacin bikin tseren jirage, in kuma zo da matata.

A bas mai lamba 11 da ke komawa Tung Chung, duhu ya fara, na ce masa, "Ɗan'uwa, abin da na faɗa da safe, ka yafe min. Ba zan iya kunna turaren ba, ko yanzu ka sake miƙo min ba zan karɓa ba. Amma ba haka ya kamata in faɗa ba."

Ya daɗe yana kallon taga. Ya ce, "Na san ba ka yi. Wallahi na sani," ko dai abin da ya yi daidai da wallahi a bakinsa. "Kowace shekara ni da shi muke hawa. Shi ke sayen ƙunshin, ya ɗauki uku ya miƙo min uku. Yau ni na saya. Hannuna ne kawai ya miƙa."

Ban sami abin cewa ba. Can ya ƙara da cewa babansa ma ba wani mai ibada ba ne, ya fi zargin awarar ce ke kai shi. Muka yi 'yar dariya. Bai ce ya yafe ba, ban kuma sake tambaya ba. Kafin mu kai Tung Chung barci ya ɗauke shi, kansa na bugun gilashi a kowace kwana.

Kwalbar ta iso Kaduna lafiya. Matata ta buɗe leda ta farko ta mayar, ta ce ko ni ko ita a ɗakin girkin nan. Na kai wa Inna. Ta buɗe, ta shinshina, ta lakata da ɗan yatsa ta ɗanɗana, ta yi shiru tana tauna bakinta.

"Gishirin ya yi yawa," ta ce, "amma za ta yi miyar kuka. To Babana, shanun nan, ka sake tambayar?"